Makullin Ɗakin Randa

Kaminya, Kubrus
Oktoba 1968

Yaya Fanos,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Popi da 'yan matanku. Mu nan ƙalau, sai gajiyar kaka. Baba ma da sauƙi. Ƙafar ce take damunsa in ya hau tudu, sai kuma 'yar mantuwa irin ta tsufa.

Rigar sanyin da ka aiko ta iso. Kada ma ka tambaya ko ya sa ta. Rana na ƙona duwatsu, shi kuwa ya zura ta har wuya ya tafi shagon gahawa, yana gumi yana nuna wa mutane maɓallanta, wai ɗansa ne ya saya masa. Wadda na saƙa masa da hannuna bara tana nan cikin akwati, ko warware ta bai yi ba.

Mun gama tsinkar inabi. Farin inabin muka fara tsinka, sannan baƙin, wanda muka bari a jikin kuranga har ya fara yamutsewa yadda Baba yake so. Muka shanya su a filin bayan coci da kan rufin ɗaki. Kullum muna duƙe muna juya su, rina na harbinmu. Hannuna na hagu har yau a kumbure yake kamar burodi. Ana tsakiyar shanya sai mijina Minas ya shigo da rana tsaka ya ce a kwashe komai, ruwa na zuwa. Sama kuwa fes, ko gajimare babu. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ɗan masunta ne yake kewar teku. Muka dai kwashe. Kafin la'asar aka tsuge da ruwa. Gidan da ke jikin namu rabin shanyarsu ta ruɓe, mu ko ƙwaya ba ta jiƙe ba.

An matse, ruwan yana cikin ƙananan randuna yana tafasa, da kauri kamar zuma. Ranar Lahadi kuma aka buɗe Uwa, babbar randar giyarmu. Ka tuna yadda muke tsoron randar nan muna yara, da Kaka ya ce tun zamanin kakansa ba a taɓa ganin gindinta ba? Aka ɗebi rabon coci da na gida, aka cike gurbin da kumandariyar bara, giyar nan tamu mai zaƙi. Hannun Baba na rawa yanzu, don haka Minas ne ya riƙe ludayi. Baba ya kurɓa, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗana, ka fi ni.” Minas ya rasa inda zai sa kansa.

Ka gai da Popi. Ka aiko da hoton yaran, wanda ke nan sun girme shi.

Ƙanwarka,
Rodula


Melbon, Ostareliya
Nuwamba 1968

Ƙanwata Rodula,

Na samu takardarki, na gode Allah da jin kuna lafiya. Mu ma lafiya. Ƙaramar ce ta yi tari, ta warke. Ni ina nan a masana'antar taya, hannuna baƙi ƙirin, sabulu ya daina cin sa. Ki shafa wa hannunki ruwan tsami, ba sai na koya miki ba.

Na karanta takardar a zaune, na sake karanta ta a tsaye. Wa kika ce ya riƙe ludayi?

Ni sai da gemu ya fito mini kafin Baba ya bar ni in taɓa murfin Uwa. Ludayi kuwa sau ɗaya tak na riƙe shi, shekarar da zan taho, shi ma yana tsaye a kaina yana cewa zan zubar. Bai taɓa ce mini na fi shi a komai ba, ko a cin wake.

Ba ƙin mijinki nake yi ba. Ban ma san shi ba sai a hoton aurenku, inda ya tsaya kamar an aro shi daga wani bikin. Ya hango ruwa, madalla, aikin masunta ke nan. Amma mutumin da ya tashi da ƙarnin kifi a hanci, yaya zai bambance giyar da ta nuna da wadda ta fara tsami? Uwa ba randar gwaji ba ce. In aka zuba mata abu marar kyau sau ɗaya, aikin kakanni huɗu ya lalace, kuma ba a sayo wata a kasuwar Limasol.

Ki gaya masa, in tafasar ta kwanta kada ya yi gaggawar zuba barasar zibaniya. Ya jira sai ya kara kunne a jikin randa ya ji shiru. Kuma barasarmu ta gida zai zuba, wadda aka dafa daga tukar inabinmu, ba ta kanti ba, da kaɗan-kaɗan. Ki karanta masa wannan wurin, in kuma ya iya karatu ki miƙa masa.

Sannan Rodula, wannan “ɗana” ɗin, haka ya fito daga bakin Baba, ko ke kika ɗan gyara masa? Iyakar sanina ɗa namiji ɗaya ya haifa, kuma yana nan da ransa.

Ki gai da Baba, ki sumbaci hannunsa a madadina.

Yayanki,
Fanos


Kaminya
Janairu 1969

Yaya,

Barka da Kirsimeti, barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta rufe kan dutse, ƙafar Baba na jin ta.

Na karanta wa Minas wurin da ka ce. Ya ce a yi maka godiya, zai yi ƙoƙari ya fyace kifin kafin Ista. An zuba zibaniya, tamu ta gida, da kaɗan-kaɗan, kamar yadda ya yi bara da bara waccan ba tare da an aiko masa da takarda daga ƙarshen duniya ba.

Bari in tambaye ka, Yaya. Fiye da shekara goma kana can. Wa kake tsammani yake sassabe kurangun nan cikin sanyi? Wa yake hawa gonar tudu da jaki, ya sauko da kwanduna har bayansa ya ƙi miƙewa? Inabi bai iya karatu ba, takardunka ba sa juya shi a rana.

Kana kuka wai sau ɗaya tak ka riƙe ludayi. Ni fa? A gidan nan aka haife ni kamar kai. Tun ban kai tsawon kwando ba nake juya inabi. Ni nake wanke randuna, ni nake shiga cikinsu da tsumma tun da ni ce ƙarama. Ko sau ɗayan nan naka ban samu ba. Ban taɓa jin ka ce, “Kai, Rodula fa?” ba. Kai kana aiko da riga a shekara, a yi ta zancenka a shagon gahawa har wata shekarar. Ni ina dafa abinci sau uku a rana, ba wanda ya taɓa nuna wa mutane tukunyata.

Ban gyara wa Baba magana ba, yadda ya faɗa na rubuta. Tun da kuma labari kake so, ga wani. Makullin ɗakin randa yana wuyan Minas yanzu. Baba ne ya cire shi daga nasa wuyan ya rataya masa ranar Kirsimeti, muna kan tebur.

Sotiris wanzami ya sayar da shagonsa, zai taho Melbon wurin 'yarsa. Na ba shi kwalba ɗaya daga cikin Uwa. Ka sha, ka gaya mini ko ka ji ƙarnin kifi.

Rodula


Melbon
Maris 1969

Rodula,

Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya.

Sotiris ya kawo kwalbar. Na ajiye ta kan kabad mako guda ina harararta. Da na buɗe, ɗakin gaba ɗaya ya koma tsakar gidanmu, ƙamshin zabibi da ɓaure da hayaƙin murhun Inna. Na ce wa Popi zaƙin ya ɗan yi yawa. Ta ce, “To bar ta mana, in ba maƙwabta.” Na ce kada ta kuskura. Ba zan yi miki ƙarya ba, na so in sami aibu a cikinta, na juya ta a baki ta kowace fuska ban samu ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A gidanmu makullin nan ba ƙarfe ba ne kawai, kin sani. Kaka ya rataya wa Baba shi ranar da ya bar masa gonaki. Wanda makulli ke wuyansa, shi ne mai gida. Kin rubuta mini shi a layi biyu kamar kina ba ni labarin kaza ta yi ƙwai.

Na zaunar da Sotiris, na ba shi gahawa, na tambaye shi Baba. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ko yana aske maka maƙogwaro, sai ya kama kallon silin. Da na matsa, ya ce yana ganin Baba da Minas kullum hannu cikin hannu, kuma ya taɓa jin Baba a gonar tudu yana cewa, “Wannan ta ɗana ce, shi ya dasa ta, shi zai ci.” Na ce wane ɗan? Ya ce, “Fanos, ka tambayi ƙanwarka,” ya nemi hularsa.

Ni na dasa gonar tudu. Ni na haƙa ramukan nan cikin dutse har tafin hannuna ya fashe, lokacin mijinki yana bakin teku yana ɗinkin koma. Yaushe ta zama shukarsa?

Ki amsa mini tsakani da Allah. Kun kai Baba ofishin filaye a Limasol? Me ya sa ya daina ƙara mini layinsa a ƙasan takardunki, ko da “Allah ya yi maka albarka” ne da yake yi da? Hana shi kuke yi, ko shi ne ba ya so?

Zan rubuta masa tasa takardar ta hannun Fada, limamin cocinmu, ba ta hannunki ba. Na gaya miki ne don kada ki ce na bi ta bayanki.

Fanos


Melbon
Mayu 1969

Rodula,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Ista ta zo ta wuce, ko kati babu. Na rubuta wa Baba, shi ma shiru. Kullum in na dawo aiki sai na leƙa akwatin takardu kafin in cire takalmi, har yaran sun fara yi mini dariya.

In fushi kike yi, ki zage ni a rubuce, zan karanta. In kuma abin da na zarga gaskiya ne, ki faɗa, in san ba ni da gida. Amma in wani abu ya sami Baba kika rufe ni, wannan ba zan yafe ba.

Yayanki,
Fanos


Kaminya
Yuni 1969

Yaya Fanos,

Muna nan da rai. Baba yana ci yana sha, yana tafiya da sandarsa. Inabi ya yi fure da kyau bana. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran.

Takardarka ta iso wa Fada. Ya zo ya nemi shawarata, na ce ya karanta masa, haushinka nake ji a lokacin. Suka zauna a gindin kurangar tsakar gida. Fada ya fara, “Baba, ni ne ɗanka Fanos daga Melbon.” Baba ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya. Wane ɗan iska ne yake wasa da sunan ɗana? Fanos ga shi can yana ɗaure jaki.” Ya nuna Minas. Da Fada ya ci gaba ya kai inda kake cewa an ƙwace maka gona, sai Baba ya katse shi. Ya ce wani ɓarawo ne zai zo ya raba ɗansa da gonarsa. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci, yana zaune a ƙofar ɗakin randa da sanda a kan cinya yana gadi. Abin da takardarka ta yi ke nan, da taimakona.

Tun tsinkar bara waccan abin ya fara. Muna gona sai ya ɗaga murya, “Fanos, kawo kwando!” Minas ya ɗauka tuntuɓen harshe ne, ya kai masa. Washegari haka, jibi haka. Da Minas ya ce, “Baba, ni ne Minas, mijin Rodula,” sai ya dube shi kamar yaron da ya ɓata a kasuwa, ya fashe da kuka, yana tambaya ina aka kai masa ɗa. Daga ranar Minas bai sake gyara masa ba. Likita a Limasol ya ce babu magani, sai lallashi.

To ka ji “ɗanan” da ya hana ka barci. Kai ne. Kai aka dafa wa kafaɗa. Wuyanka aka rataya wa makulli. Babu wanda ya je ofishin filaye, gonar tudu tana nan da sunan Baba.

Yanzu ka gaya mini wa ya kamata ya yi kishi. Mijina yana tashi tun duku-duku ya yi aiki kamar jaki, yabon kuma ya tafi Melbon. A gidansa, gaban matarsa, ba shi da suna. Ni kuwa wata rana Baba ya san ni, wata rana in wanke masa ƙafa ya ce, “Na gode, 'yar maƙwabta, ki gai da mutan gidanku.” Komai yana zubewa daga kansa, sunan Inna ma ya tafi. Kai kaɗai ka ƙi fita, kai da ba ka nan.

Za ka ce me ya sa ban gaya maka ba. Da farko don kada ka damu ne. Daga baya kuma ban ga dalilin da zan ba ka wannan ma ba. Na bar ka ka ɗan ɗanɗana abin da nake sha tun ina yarinya, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Minas bai san na rubuta wannan ba. Ya ce a bar ka da fushinka, ya fi maka sauƙin ɗauka.

Ƙanwarka,
Rodula


Melbon
Yuli 1969

Ƙanwata,

Na samu. Muna lafiya, ni ne dai ban san yadda nake ba.

Na nemi hutu, sun ba ni. Zan zo a jirgin sama farkon Satumba, in tarar da tsinka. Popi da yara za su zauna.

Na san ya kamata in ce ki yi wa Minas godiya. Na rubuta na soke, na sake rubutawa na soke. Da na ɗauka gona ya ɗauke mini, ashe abin ya wuce gona. Shi ake kira, shi yake amsawa, shi yake jin hannun Baba a kafaɗarsa. Ki ce masa ya daina amsa sunana kafin in iso. In Baba ya ga fuskata zai gane, ba a manta ɗa.

Fanos


Kaminya
Agusta 1969

Yaya,

Muna lafiya, muna jiranka. Na gyara maka ɗakinka, na kori kajin da suka gaje shi.

Ba zan ce wa Minas ya daina ba. Kai za ka yi makonni ka tafi, mu ne za mu zauna da kukan. Ka zo ka gani da idonka. Abu ɗaya nake roƙo, in bai gane ka ba kada ka tilasta masa. Ka taho da tsofaffin kaya, farin ya kusa nuna.

Rodula


Melbon
Oktoba 1969

Ƙanwata Rodula,

Na iso lafiya, na tarar da su lafiya. Yaran sun cinye alewar inabin da kika ɗuro musu tun kafin in kwance jaka. Ina fata bayanki ya saki.

Akwai abin da ban iya gaya miki baki da baki ba, takarda ta fi mini sauƙi.

Kin ga yadda aka yi ranar da na sauko daga motar ƙauye. Na durƙusa na kama hannunsa zan sumbata, ya janye ya ce, “Sannu baƙo. Tsinka ka zo? Jira ɗana ya dawo, shi yake ɗaukar ma'aikata.” Kin ga kuma ban tilasta masa ba, kamar yadda kika roƙa.

Abin da ba ki gani ba shi ne ranar da kika tafi gasa burodi kika bar mu a wurin shanya. Ina duƙe ina juya baƙin inabi, Baba yana zaune a kan dutse da sandarsa yana kallona. Can ya ce, “Kai, baƙo, daga ina ka ce?” Na ce daga nesa. Ya ce, “Mutanen nesa sun iya aiki ashe. Zo in ba ka abin da ba ku da shi a garinku.” Ya ja ni har ƙofar ɗakin randa, ya ɗaga murya, “Fanos! Kawo makulli!” Mu biyu muka waiwaya, ni da Minas. Allah ya sa Baba bai lura ba.

Minas ya buɗe, ya ɗebo daga Uwa, ya fita ya bar mu. Baba ya miƙo mini ƙoƙon, rabi yana zubewa a hannunsa. Ya ce, “Sha. Ɗana ne ya yi ta. Ka ga inabin nan da kake juyawa? Sai rana ta shanye ruwansa ta bar zaƙin, sannan a matse, sannan a ɗaure shi da zibaniya don kada ya gudu. Kowa ya san haka, amma ba kowa ke da hannu ba.” Ya matso kusa kamar zai gaya mini asiri. “Ka san ya taɓa tafiya? Wata ƙasa can bayan teku. A shagon gahawa suka ce, Loizos, ka cire rai, masu zuwa can ba sa dawowa. Na ce ba ku san shi ba. Wata safiya na hau gona, sai ga shi yana tsinka, ko sallama bai yi mini ba, ɗan banza.” Ya yi dariya har da hawaye.

Rodula, na so in jefar da ƙoƙon in kama shi in girgiza. Na so in fita in shaƙe mijinki. Ban taɓa jin kishin mutum kamar yadda na ji na wannan Fanos ɗin da ya dawo ba.

Sai ya ce, “Kai kana da uba?” Na ce ina da shi. “Yana da gona?” Na ce yana da ita. Ya ɓata fuska. “To me kake yi a gonar mutane lokacin tsinka? In ka gama mana ka koma ka taya shi. Ba kyau.” Na ce to, Baba. Bai ji komai ba, kowane ma'aikaci haka yake kiransa.

Da ya tafi kishingiɗa na sami Minas a wurin matsa. Ya ciro makullin daga wuyansa ya miƙo mini ya ce, “Naka ne. Sunan ma da ana cire shi kamar wannan, da na haɗa maka. Ka san har a kasuwa in aka ce Minas sai na yi jim kafin in juya?” Na karɓa. Igiyar ta jiƙe da guminsa. Na ce, “In Baba ya farka bai gan shi a wuyanka ba fa?” Ya ce, “Zai zauna gadi.” Na mayar masa na ce ya riƙe, duka biyun. Ya ce, “Yaya, har yanzu kana jin ƙarnin?” Na ce kaɗan-kaɗan. A nan muka tsaya, muka kama juya sandar matse inabi tare.

Ba zan ce miki ya wuce mini ba. Amma ki yi masa godiyar da na soke.

Ke kuma, na gaya wa Minas, baɗi in aka buɗe Uwa ke za ki riƙe ludayi. Da tun tuni ya kamata wani ya faɗa.

Yayanki,
Fanos


Kaminya
Nuwamba 1969

Yaya Fanos,

Takardarka ta iso, mun gode Allah da ka sauka lafiya. Mu ƙalau. Bayana ya saki, randuna na tafasa, an fara ruwa. Na yi wa Minas godiyarka. Ya ce ta daɗe a hanya amma ba ta lalace ba. Zancen ludayi kuwa ba sai an jira baɗi ba, na riga na ɗebo wa Fada rabon coci da hannuna, kuma ban zubar ba.

Ka bar mana rigima a gida. Tun da ka tafi Baba yake nemanka. Da safe ya leƙa ɗakinka ya ce, “Ina baƙon nan?” Mu ce ya koma garinsu. Ya ce, “Wa ya sallame shi ban sani ba?” An jima ya sake tambaya. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, ya riƙe ka.

Shekaranjiya a kan tebur ya dubi Minas ya ce, “Fanos, ka ga yadda baƙon nan yake kama nonon inabi ta wuya ya juya, ko ƙwaya ba ta faɗuwa? Kai sai ka ce kana jan koma. Ka koya.” Minas ya ajiye cokali ya fita. Na same shi a wurin jaki yana huci. Ya ce, “Shekara biyu ina zama Fanos, ya zo 'yan makonni ya fi ni a matsayin baƙo! Ta ina mutum zai ɓullo wa gidan nan?” Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Bai yi mini magana ba sai da yamma. Na ce masa sannu da zuwa, yanzu ka zama ɗan gida.

Jiya Baba ya gan ni da alƙalami ya tambaya wa nake rubuta wa. Na ce baƙon nan. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ce in rubuta maka haka: in kun gama tsinkarku da wuri baɗi, ka zo, akwai aiki, akwai ɗaki. Amma sai ka gama ta gidanku tukuna, ba ya son a ce ya raba ɗa da ubansa.

Ya kuma ce ka gai da mahaifinka, ka ce masa wani tsoho a Kaminya ya ce ya yi sa'ar ɗa.

Ƙanwarka,
Rodula